Ku Tambayi Malam: Ruwan da Ke Hawa Bangon Kofi Ya Fice

Assalamu alaikum masu karatu. Tambayoyi huɗu na ware a wannan makon, dukkansu daga nan Zariya, kuma duk a kan iskar hiliyam suka faɗa. Ta farkon ce za ta ci mana wuri, domin sai an fahimce ta sauran za su zo da sauƙi.

Daga wani ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare, Tudun Wada: "Malam, na ga wani bidiyo a waya. An zuba wani ruwa garai-garai a ɗan kofin gilashi, aka ɗaga kofin sama, sai ga ruwan yana ɗiga ta gindinsa alhali kofin bai huje ba, har ya ƙare ƙaf. An ce wai ruwan hiliyam ne, bangon kofin yake hawa ya gangaro ta waje. Abokaina sun ce haɗin kwamfuta ne, wani ma ya ce siddabaru ne. Ina gaskiyar take?"

Ɗana, ka gaya wa abokanka ba haɗi ba ne, ba kuma siddabaru ba. Tun shekarun 1930 masana ke ganin wannan abu da idanunsu, lokacin ba a san kwamfutar da za ta haɗa hoto ba.

Hiliyam ita ce iskar nan marar nauyi da ake hura wa balan-balan ya tashi sama. Kowace iska idan ta sha sanyi sosai takan koma ruwa, amma babu wadda ta kai hiliyam taurin kai. Sai an kai digiri 269 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos take yarda. Ka tuna duk tsananin hunturun da muke kuka da shi a Samaru da asuba, ruwa ba ya zama ƙanƙara a waje, wato ko sifirin ba mu taɓa ba. Firizar mai sayar da ƙanƙara takan tsaya wajen digiri 18 ƙasa da sifiri. Shi kuwa sanyi yana da iyaka. Abin da muke kira zafi motsin ƙwayoyin zarra ne, idan motsin ya ragu har ƙarshen abin da zai iya raguwa, to an zo bango, babu gaba. Wannan bangon yana kan digiri 273.15 ƙasa da sifiri, daga nan ne kuma ma'aunin Kelbin yake fara ƙirga. A wannan ma'auni hiliyam kan zama ruwa a Kelbin 4.2, taku huɗu kacal daga ƙarshen sanyi.

Wanda ya fara kai wa nan shi ne Heike Kamerlingh Onnes, a jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, ranar 10 ga Yuli, 1908. Sai dai ruwan da ya samu a ranar ba shi ne na cikin bidiyonka ba tukuna. A Kelbin 4.2 ruwan hiliyam ruwa ne kamar kowane, yana tafasa yana kumfa, ba ya hawa bangon kowa. Sai an ƙara sanyaya shi.

Yadda ake ƙara masa sanyin kuwa, kakarka ta san shi. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Randa tana tsattsafo, iska ta kwashe danshin da ke jikinta, ƙwayoyin ruwan da suka fi zafi su ne ke tashi, su bar na baya da sanyi. Haka ake yi wa hiliyam. Ana haɗa famfo a bakin tulun gilashin da yake ciki, ana zuƙe tururin da ke samansa. Wani kaso na ruwan yana tafiya, abin da ya rage yana ƙara sanyi. Kana kallo ta jikin gilashin, ruwan na ta ɓararraka, kumfa na tashi ta ko'ina. Da ma'auni ya taɓa Kelbin 2.17, sai kumfar ta ɗauke lokaci guda, ruwan ya kwanta lumui. Famfon bai tsaya ba, ruwan kuma bai daina zama tururi ba, amma babu ƙwayar kumfa ko ɗaya. Dalili shi ne kumfa na tasowa ne daga wurin da ya fi kewayensa zafi, shi kuwa wannan ruwan yanzu yana watsa zafi fiye da jan ƙarfe nesa ba kusa ba, don haka babu lungun da zafi zai taru har ya yi kumfa. Daga samansa kaɗai yake tashi. Duk lokacin da na zo wannan gaɓar a aji nakan dakata, don a nan ne ido yake ganin abu ya sauya hali a gabansa.

Abin da ya sauya shi ne tirjiya. Kowane ruwa yana tirjewa idan zai gudana: zuma ta fi man gyaɗa, man gyaɗa ya fi ruwan sha, amma kowa na da tasa. Ƙasa da Kelbin 2.17, hiliyam kan bi ta ƙofar da ko iska ke shan wuyar ratsawa, ya wuce ba tare da wata tirjiyar da za a iya aunawa ba. A ƙarshen 1937 aka gano haka a wuri biyu: Pyotr Kapitsa a Mosko, da wasu 'yan Kanada biyu, John Allen da Don Misener, a Kembirij ta Ingila. Mujallar Nature ta buga rahotannin biyu a fitowa ɗaya cikin Janairun 1938. Kapitsa ya karɓi lambar yabo ta Nobel a 1978, su biyun ba su samu ba. A ganina duk malamin da zai ba da wannan tarihi ya kamata ya ambace su, haƙƙinsu ne.

To hawan bango fa? Duk ruwan da ke jiƙa gilashi yakan bar ɗan siririn danshi a jikinsa sama da inda ruwan ya tsaya, saboda ƙwayoyin gilashin suna janyo na ruwan. A sauran ruwaye danshin nan ba ya zuwa ko'ina, tirjiya ta riƙe shi. Na hiliyam kaurinsa wajen nanomita 30 ne, sai ka jera irinsa sama da 2,000 kafin ka kai kaurin silin gashi. Ido ba ya ganinsa, amma ya lulluɓe kofin ciki da waje, kuma babu abin da ke riƙe shi. Sai ya zama hanya: ruwan ya bi ta ciki ya hau, ya ƙetare leɓen kofin, ya gangaro ta baya, ya taru a gindi ya ɗiga. Idan ka juya gwajin, ka tsoma kofin da babu komai a ciki zuwa rabinsa cikin ruwan hiliyam ɗin, ruwan waje zai hau ya shiga har na ciki da na waje su yi daidai.

Saura tambayar da ta fi kowacce: me ya sa? A nan ilimin kwantum ya shigo, wato dokokin da ke tafiyar da ƙananan abubuwa irin ƙwayar zarra. Ɗaya daga cikinsu, wadda Werner Heisenberg ya bayyana a 1927, ta nuna ba a iya tsayar da ƙwaya cik a wuri ɗaya. Ko a ƙarshen sanyi akwai ragowar motsin da ba ya fita. Ƙwayar hiliyam ba ta da nauyi, kuma ba ta cika kama 'yar'uwarta ba, don haka wannan ragowar motsin ya isa ya hana ta daskarewa. Shi ya sa duk abin da ka sani yana zama ƙanƙara idan ya sha sanyi, ban da hiliyam. Sai an danne shi da matsin da ya ninka na iskar da ke kanmu sau 25, kamar yadda Willem Keesom ya yi a 1926.

Tunda ya ƙi daskarewa, sai ya isa wani mataki da sauran ruwaye ba sa kaiwa suna ruwa. A 1924 wani malami a jami'ar Dhaka, Satyendra Nath Bose, ya aika wa Albert Einstein wani lissafi, Einstein ya faɗaɗa shi ya nuna cewa akwai nau'in ƙwayoyin da idan sanyi ya kai wani matsayi, ɗimbinsu za su faɗa cikin hali guda, su daina tafiya kowa da tasa, su koma motsi a matsayin abu ɗaya. Fritz London ne ya ce a 1938 wannan ne ke faruwa a hiliyam. Tirjiya tana samuwa ne idan ƙwayoyi ɗai-ɗai suna karo da bango suna zubar da ƙarfinsu. Idan kuwa duk sun zama abu ɗaya, bango ba ya iya tsinke guda ya rage mata gudu, matuƙar gudun bai wuce wani ƙa'idajjen mizani ba. Lev Landau ne ya fitar da lissafin wannan mizani a 1941.

Labarin Landau ya cancanci a tsaya a kansa. A watan Afrilun 1938 gwamnatin Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ta kama shi, a zamanin da wanda aka kama ba kasafai yake dawowa ba, wanda ya yi magana a kansa kuma yana iya bin sa. Kapitsa ya rubuta wa Stalin takarda, bayan shekara guda ya sake rubuta wa Molotov, firaministan ƙasar a lokacin, ya ce ya gano sabon abu a hiliyam kuma Landau ne zai iya warware shi. Ya tsaya masa da sunansa, aka sake shi a 1939. Bayanin da Landau ya yi daga baya shi ya ba shi Nobel a 1962. Ina girmama Kapitsa a kan wannan takarda fiye da yadda nake girmama shi a kan gwajinsa.

Saboda haka abin da ka gani a waya dokar ƙwayar zarra ce, wadda a kullum take ɓoye a inda ko madubin likita ba ya kaiwa, ta fito fili a cikin kofin da za ka iya kallo da idonka.

Daga wani mai gyaran janareta, Sabon Gari: "Malam, idan ruwa zai hau sama da kansa kuma ba ya gajiya, me zai hana a sa shi ya riƙa juya injin ya ba mu wuta ba fetur ba dizal?"

Maigida, tunanin mai sana'a ka yi, amma ba za ta yiwu ba. Ruwan da ya hau bangon kofi a ƙasa yake ƙarewa, ƙasa da inda ya taso. Gangara ce ya yi ta doguwar hanya, da zarar babu sauran gangara kuma sai ya tsaya. Gaskiya ne idan aka sa shi zagaye cikin zobe zai yi ta zagayawa ba ya raguwa, amma ranar da ka sa masa farfela ya juya, ƙarfin da farfelar ta samu daga jikinsa ta cire, kuma babu mai mayar masa. Akwai ma wani gwaji da Allen da Harry Jones suka yi a 1938, inda ruwan ke yin tsiri sama ta bakin siririn bututu, sai dai shi ma sai an haska masa fitila, zafin fitilar ne ke biyan kuɗin tsirin. Ga kuma wutar da injin sanyayawar ke sha kafin a kai Kelbin 2, wadda ta fi duk abin da za a samu.

Daga wata baiwar Allah, Kofar Doka: "Malam, an rubuta wa mahaifiyata hoton MRI saboda ciwon baya. Mun je wani asibiti aka ce injin ya tsaya, wai hiliyam ɗinsa ya ƙare, sai an kawo daga waje. Mece ce haɗin iskar balan-balan da hoton asibiti?"

Hajiya, Allah Ya ba Mama lafiya, Ya sa kaffara ne. Abin da suka gaya miki yana faruwa, ba lallai ne kora ce ba.

Ramin nan da ake tura marar lafiya ciki, maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske, an yi shi da waya mai tsawon kilomitoci da aka nannaɗe. Onnes ɗin da na ambata a sama, shekara uku bayan ya samu ruwan hiliyam, wato a 1911, ya sanyaya zaiba da shi, sai ya ga wutar lantarki na bi ta cikinta ba tare da wata tirjiya ba. Wayar injin MRI irin wannan hali gare ta. An yi ta da gaurayen ƙarafan niyobiyam da taitaniyam, idan tana cikin ruwan hiliyam, wutar da aka zuba mata sau ɗaya za ta yi ta zagayawa shekara da shekaru. Manyan injunan da aka saba da su kan ɗauki lita 1,500 ko fiye. Wannan ruwan na Kelbin 4.2 ne, bai kai ga mai hawa bango ba, amma gida ɗaya suka fito.

Inda matsalarmu take shi ne wuta. A saman injin akwai wata na'urar sanyi da ke aiki dare da rana tana mayar da tururin hiliyam ruwa. Idan kin taɓa shiga ɗakin, ita ce ke wannan ƙara mai kama da numfashi ko ba a ɗaukar hoton kowa. Idan wuta ta ɗauke aka daɗe ba a tayar da janareta ba, ko na'urar ta lalace, ruwan zai riƙa tashi a hankali. In ya yi ƙasa sosai wayar ta ɗumama, sai wutar da ke cikinta ta koma zafi nan take, ruwan ya tafasa ya fice ta bututun da aka fitar waje. Lita ɗaya ta ruwan kan zama kusan lita 750 ta iska. Daga nan sai an sayo wani da kuɗin waje, an kira injiniya ya sake tayar da maganaɗisun.

Tsadarsa kuwa daga asalinsa take. Ba a ƙera hiliyam a masana'anta. A cikin ƙasa yake samuwa sannu a hankali daga ruɓewar yuraniyam da toriyam, ya taru tare da iskar gas a wasu rijiyoyi ƙalilan. Amurka da Katar ne manyan masu fitar da shi, sai Rasha da Aljeriya, wadda ke tace nata a Arzew da Skikda. Wanda ya tsere cikin iska kuma ya tafi ke nan, domin a ƙarshe ficewa yake daga duniyar gaba ɗaya. Shi ya sa raina ba ya so in ga an saki tarin balan-balan sama a wajen biki.

Shawarata, ki koma wurin likitan da ya rubuta hoton ki tambaye shi ko na ƙaramin inji zai wadatar, don akwai masu maganaɗisun dindindin da ba ruwansu da hiliyam, ko kuma ya tura ku wani wuri. Kada a zauna jiran gyara idan ciwon na ƙaruwa, musamman in ƙafa ta fara rauni ko fitsari ya fara gagara riƙewa. Wannan na gaggawa ne. Su kuma masu sayo wa asibitoci kaya, ya kamata su san cewa tun 2018 kamfanin Philips ya fitar da injin da lita 7 kacal yake ɗauka, a rufe ruf ba a ƙara masa. Ƙasa mai irin wutarmu, wannan ne abin dubawa.

Daga wata ɗalibar Fiziks, aji huɗu, Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru: "Malam, wannan fannin ya shiga raina, ina so in yi aikin kammala digirina a kansa. Har yanzu akwai abin da ya rage a bincika? Kuma zai yiwu daga nan, ba tare da ruwan hiliyam a hannu ba?"

'Yata, akwai, kuma zai yiwu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin masu bincike a yau shi ne yadda wannan ruwa yake juyawa. Idan kika juya bokitin ruwa, ruwan duka zai bi bokitin. Hiliyam marar tirjiya ba ya haka. In juyin ya yi kaɗan, ko motsi ba zai yi ba. In ya ƙaru, sai wasu 'yan guguwoyi sirara su bayyana a cikinsa, tsayin kowace daga ƙasa har sama, faɗin cibiyarta kuwa kamar na ƙwayar zarra ɗaya. Kuma duk ƙarfin juyinsu ɗaya ne, babu rabi babu kwata. Kika ƙara gudu, yawansu ne zai ƙaru. Lars Onsager ya faɗi haka a 1949, Richard Feynman ya ƙara bayani a 1955, Joe Vinen ya auna ƙarfin guguwa guda a 1961, a 1979 kuma aka ɗauki hoton jerinsu a Berkeley ta Amurka.

Idan aka dama ruwan da ƙarfi, guguwoyin kan sarƙe, su yanke juna su sake haɗewa. Wannan hargitsin ne ake nazari a Lancaster da Newcastle a Ingila, da jami'ar Aalto a Finlan. Dalilin damuwa da shi babba ne. Hargitsin ruwa da iska na yau da kullum, wanda ke jijjiga jirgin sama yake kuma wahalar da masu hasashen yanayi, har yau ba a gama warware lissafinsa ba. Cibiyar lissafi ta Clay ta sa dala miliyan 1 tun shekarar 2000 ga wanda ya warware wata tambaya a kan lissafin Navier da Stokes da ke bayaninsa. A hiliyam kuwa hargitsin an gina shi ne da zare iri ɗaya da za a iya ƙirgawa, shi ya sa ake fatan ya buɗe ƙofa. Masana taurari ma suna da rabo a ciki: a 1969 aka ga tauraron Vela, wanda juyinsa ke raguwa a hankali, ya ƙara gudu farat ɗaya, kuma bayanin da aka fi karɓa shi ne cikinsa ruwa ne marar tirjiya, guguwoyinsa ne suka kuɓuce a tare. Ga kuma hiliyam-3, wani nau'in hiliyam da ya fi na yau da kullum rashin nauyi, wanda sai a 1972 David Lee da Douglas Osheroff da Robert Richardson suka same shi a wannan hali a jami'ar Cornell, a sanyin da bai kai kashi 3 cikin 1,000 na Kelbin ɗaya ba. A wajen aiki kuma, injin gwara ƙwayoyin zarra na cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Jeniba, mai zagayen kilomita 27, da hiliyam marar tirjiya ake riƙe maganaɗisunsa a Kelbin 1.9, ƙasa da sanyin sararin samaniya da ke Kelbin 2.7.

Yanzu ke. Kaso mai tsoka na wannan bincike a kwamfuta ake yinsa. Akwai lissafin Gross da Pitaevskii na 1961, layi ɗaya ne, amma guguwoyin nan duk suna fitowa daga cikinsa. Kwamfutar cinya ta isa ta warware shi a shimfiɗe, wato tsawo da faɗi kawai, idan kin iya Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta. Ki riƙe darasin kwantum da na lissafin Fourier da kyau, su ne jarinki. Rubuce-rubucen masu binciken kuma mafi yawansu suna shafin intanet na arXiv kyauta. In kina son taɓa sanyi da hannu, ruwan naitirojin yana kan Kelbin 77, ya fi hiliyam araha da sauƙin samu ƙwarai, shi ne ake adana irin bijimai da shi don bayen zamani. Tun 1987 aka san wani haɗin yitiriyam da bariyam da jan ƙarfe da ke rasa tirjiyar lantarki a cikinsa, har ɗan maganaɗisu ya tsaya a iska a samansa. Ki tambayi malamanki ko za a iya shirya wannan a sashenku.

Bayan digiri, ki nemi shirin difloma na shekara ɗaya a cibiyar nazarin Fiziks ta ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964 domin ɗaliban ƙasashe irin tamu, da kuma cibiyoyin lissafi na AIMS da aka fara a Afirka ta Kudu a 2003. Duka biyun suna ɗaukar nauyin waɗanda suka zaɓa, kuma suna duba sakamako da takardun shaidar malamai, don haka ki fara gyara waɗannan tun yanzu.

Ga aikin da zan ba ki ki kai wa mai duba aikinki: ki sa guguwa biyu a cikin lissafin. Idan juyinsu ɓangare ɗaya ne, za su riƙa zagaya juna. Idan ɗaya dama ɗaya hagu ne, za su kama hanya su tafi tare a miƙe. Ki auna yadda gudunsu ke sauyawa idan kika matso da su kusa ko kika nisanta su, ki gwada da abin da lissafin takarda ya ce. Idan kin samu sakamako, ki aiko wa wannan fili, zan duba in ba ki amsa in sha Allahu.